Altaneta huɗu cikin wata goma

Akori-kurata ta girmi jihar Gombe da shekara biyu. Hilux ce ƙirar 1994, mai shan gas, injin da kanikawa ke kira 3L, kuma ba ni ne na fara riƙe ta ba. Aikinta ɗaukar kaya. Da rani tumatir da tattasai da albasa daga Dadin Kowa da Kwadon zuwa cikin gari, da kaka kuma masara da wake da gero daga wajejen Bojude da Dukku zuwa Tudun Hatsi. Shekara shida tana hannuna ba a taɓa sa wa altanetanta, na'urar da ke cajin batir, sifana ba. Sai ga 2023, daga Fabrairu zuwa Nuwamba, guda huɗu suka mutu a jikinta.

Na farko ya tafi ne a hanyar Dadin Kowa bayan sallar isha'i, ina ɗauke da kwandunan tumatir har sun zarce kan mota. Wanda ya san irin motocin nan ya san idan caji ya ɗauke ba fitila ɗaya ke kamawa a gaban direba ba, ta batir da ta birki da ta filtar gas tare suke tashi kamar an gayyace su biki. Tun kafin Kwadon na gan su, na ce bari in lallaɓa. Tsohon injin gas ba ya neman tartsatsi irin na fetur, don haka ko altaneta ya daina aiki mota tana tafiya a kan ragowar wutar batir. Sai dai akwai wani ɗan makulli a jikin famfon gas wanda wuta ce ke riƙe shi a buɗe. Fitilun gaba suka yi ta ja baya har suka koma kamar aci-balbal, muna isowa Liji wutar ta kasa riƙe makullin, injin ya yi tsit. Lokacin ana tsakiyar wahalar canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannun kowa. Samarin da suka taya ni gangarar da ita gefen titi ko na shan ruwa ban samu na ba su ba, kwando ɗaya na buɗe na ce kowa ya ɗiba.

Washegari rewayan unguwarmu, mai gyaran wutar mota, ya kwance altanetan, sai ga cikinsa sharkaf da baƙin mai. A bayan altanetan wannan injin akwai wani ƙaramin famfo mai zuƙe iska, shi ke sa birki ya yi laushi a ƙafa, kuma da man injin yake aiki: bututu ɗaya na kawo masa, tiyo ɗaya na mayarwa ƙasa. Tsakanin famfon da altanetan akwai sil. Sil ɗin ya saki, mai ya gangaro kan buroshi, ƙurar hunturu ta zo ta haɗu da shi suka zama kwaɓi. Rewaya ya ce gyara ɓata kuɗi ne, a sayo ɗan Baljiyam. Ban yi musu ba. Abin da ya yi shekara 29 yana juyawa, in ya ce ya gaji ba a kai shi ƙara.

Da ya ɗaura sabon sai ya tayar da mota, ya kwance kan batir ya zare shi injin yana aiki, ya ɗaga shi sama yana murmushi. Mota ba ta mutu ba. Ya ce, "Ka gani ko, Alhaji? Caji ɗari bisa ɗari." Ni ma na yi murmushi na biya shi. Tun ina yaron mota haka na ga ana gwada caji, kuma ni kaina na sha yi a tasha in ana gardama.

Ɗan Baljiyam ya yi aiki har azumi ya kama. Matsalarsa ɗaya, da safe in an tayar da mota fanbel ya dinga ƙara ke nan kamar an taka wutsiyar kyanwa. Yaron motata ya gaji da dariyar da ake yi mana a tasha, ya sa libar taya ya banƙare altanetan iya ƙarfinsa ya ɗaure. Ƙarar ta ɗauke, har na yaba masa. Bayan kamar sati uku wata ƙarar ta fito, wannan karon daga cikin altanetan, gurnani-gurnani irin na injin niƙa da babu hatsi a ciki. Na ce sai bayan salla. Boris bai jira salla ba. Muna dawowa daga Bojude ya tarwatse, fuli ya karkace, fanbel ya fice. A wannan motar fanbel ɗin da ke juya altaneta shi ke juya famfon ruwa, kuma in altaneta ya tsaya famfon birki ma ya tsaya. Allurar zafi ta tashi, na taka birki sau biyu ya kama, na uku na ji kamar dutse nake takawa. Allah ya sa hanyar a miƙe take kuma babu shanu a kai. Da aka buɗe, boris ɗin ya cinye mazauninsa, gidan altanetan ya tashi aiki.

A nan na yi fushi da kayan hannu, na ce sabo zan saya. Aka kawo mini ɗaya a kwali, yana ƙyalli, babu sunan kowa a jikin ƙarfensa. Wannan ya yi ta aiki har bayan babbar salla, sannan wata rana a hanyar Dukku, damina ta fara cin hanya, na ji wari irin na wayar da ta ƙone, fitilun nan uku suka kama. Rewaya ya buɗe ya ce dayod sun ƙone, jabu aka sayar mini. Na koma wurin mai kayan, ya nuna mini rubutun da ke bangon shagonsa: kayan wuta ba garanti. Muka yi 'yar hayaniya, maƙwabtansa suka ba ni haƙuri. Aka canza farantin dayod ɗin, aka sake zare kan batir aka nuna mini caji ɗari bisa ɗari. Sati uku ya yi. A karo na biyu har kwayil ɗin ya yi baƙi.

Zuwa lokacin an cire tallafin mai, naira ta faɗi, duk abin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tashin gwauron zabo. Kuɗin da na sayi ɗan Baljiyam da shi a Fabrairu ba ya sayen irinsa a Agusta. Masu shawara kuma suka yi yawa. Wani ya ce motar ta gaji, in rabu da ita tun tana da kuɗi. Wani ya ce baki ne, tunda na ƙara mata keji da fitilu ido ya dawo kanta. Tsohuwata ta ce in yi sadaka, na yi, wannan ba a asara. Uwargida ba ta ce komai ba, sai dai duk ranar da na shigo gida a kan acaɓa sai ta ce, "Sannu da zuwa, ita kuma tana ina ta kwana yau?"

Na huɗu daga Kano aka aiko mini shi, wani abokin kasuwancina ya shiga Ƙofar Ruwa da kansa ya zaɓo na asali, ɗan Japan, mai nauyi a hannu. Ya yi wata uku. A cikin wata ukun nan akwai abubuwan da nake gani kullum ban haɗa su da juna ba. Batir ya fara nauyin tashi da asuba, har na koma ajiye mota a gangaren bakin layinmu don in saki birki in tayar da ita da giya. Ƙwan fitila na canza ya fi a ƙirga, musamman na manyan fitilun da na ƙara a kan keji. Wayar totur ta yi tauri, na sa aka ɗiga mata mai sau biyu. Kowanne na ɗauke shi larurar tsufa. Ranar da ɗan Kano ya mutu, ina da buhunan wake a baya, a daidai inda kwalta ta farfashe aka koma gargada, na sauka na zauna a kan dutse na daɗe ban ce wa yaro komai ba.

Wani direban tanka da muke salla a masallaci ɗaya shi ya yi mini kwatancen wani dattijo a wani lungu bayan Pantami. Ya ce tsohon ma'aikacin wuta ne, a kamfanin Steyr na Bauchi ya koyi aiki lokacin ana haɗa motoci da taraktoci a can, amma in shirya, ba ya sauri kuma ba ya son a koya masa aikinsa. Aka ja mini motar zuwa can. Rumfa ce ta kwano a ƙarƙashin bishiyar maina, da benci, da tebur mai cike da matattun kik da altaneta.

Na gaishe shi na ce, "Baba, altaneta nake so a duba mini, na huɗu ke nan bana."

Bai ko kalli motar ba. Ya ce, "Ina sauran ukun?"

Na ce suna gida a buhu. Ya ce in je in kawo su. Na hau acaɓa na ɗauko. Ya sa yaronsa ya kwance na jikin motar, ya jera su huɗu a kan tabarma, ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa yana juya su da yatsa. Ya ɗauki kusan awa guda. Sannan ya nuna na farko ya ce, "Wannan mai ne ya kashe shi." Ya nuna na biyu, "Wannan hannun mutum ne." Ya haɗa na uku da na huɗu wuri ɗaya, "Waɗannan wuta ce ta kashe su, kuma daga cikin motarka ta fito. Wanda ka ce jabu ne, ba shi da ƙwari, gaskiya ne, amma ko na wane kamfani ka ɗaura haka zai ƙare. Ka bar mini motar kwana biyu."

Na ce, "Baba, kaka ce fa, kwana biyu da yawa."

Ya ce, "To ga hanya nan, je ka sayo na biyar."

Na bar ta. Amma ban tafi ba, kwana biyun a kan bencinsa na yi su, kuma abin da na gani a wurin shi ya sa nake wannan rubutu.

Da batir ya fara. Ya sa aka cire shi aka ɗora a caji har yamma, ya cire shi daga cajin ya ajiye a gefe ya ce kada wanda ya taɓa sai gobe. Ya ce lafiyayyen batir mai bolt 12 ɗaki shida gare shi, kowane ɗaki yana ba da kamar 2.1, saboda haka in ya cika ya huta mita za ta nuna 12.6 ko kusa da haka. Da safe ya sa mita a nawa: 10.6. Ya buɗe murafen ya zuƙo ruwan kowane ɗaki da wani gilashi mai roba a kai, biyar suka ɗaga abin da ke ciki, na shida ya kwanta. Ɗaki ɗaya ya mutu. Ya ce irin wannan batir tulu ne mai huda. Altaneta yana ganinsa kullum a matsayin wanda bai cika ba, sai ya yi ta ɗura masa wuta iya ƙarfinsa daga Gombe har Dukku babu hutu, shi yana zafi, batir yana tafasa. Na tuna yadda nake yawan ƙara masa ruwa. Ya tambaye ni wane ruwa, na ce wani lokaci na mai cajin batir, wani lokaci na leda. Ya girgiza kai. Ya ce ruwan da aka tace domin batir kaɗai ake ƙarawa, asid ba ya ƙafewa balle a ƙara shi. Ya kuma ce batirin ba da ciwonsa ya zo ba: duk mutuwar altaneta sai da na tatse shi ƙarƙaf a hanya, kuma batirin mota ba ya jure a maimaita masa haka. Altaneta ya kashe batir, batir ya juyo yana kashe altaneta.

Na ce to ai mun gano ɓarawon. Ya ce, "Wannan ɗan kore ne. Tun kafin ya lalace na uku ya ƙone."

Ɗan Kano ya gyaru. Kwayil ɗinsa bai kai ga ƙonewa ba, dayod biyu ne suka tafi, da katawut ɗin da ke ciki mai daidaita ƙarfin wuta. Yana gwada su da mita yana yi mini bayani. Wutar da altaneta ke haifarwa gaba da baya take kaiwa da komowa, batir kuwa mai tafiya hanya ɗaya yake karɓa. Dayod shida ne ke tsaye kamar ƙofofi, kowace tana buɗewa gefe ɗaya kawai. Ya ɗora wayoyin mita a kan ɗaya, ta nuna lamba, ya juya wayoyin, ba ta nuna komai ba: lafiyarta ƙalau. Ya ɗora a kan wata, ta nuna ta kowane gefe. Ya ce wannan ƙofar ta ɓalle, kuma irinta ko an kashe mota tana barin wutar batir ta sulale ta cikinta har gari ya waye. Ya canza farantin da katawut, ya sa sabon buroshi da sabon sil tunda an riga an buɗe.

Aka ɗaura shi da wani batir nasa mai kyau, aka tayar. Fitilun gaban direba suka mutu. Ni kuma da zumuɗi na kai hannu kan batir zan zare in gani. Ban san lokacin da ƙotar filaya ta sauka a bayan hannuna ba.

Ya ce, "Sau nawa aka yi wa motar nan haka?"

Na ce duk ranar da aka ɗaura, wani lokaci kuma in na yi shakka a hanya.

Ya ce, "Kai da kake zuwa Dadin Kowa, ka taɓa ganin injin ban-ruwa yana tsakiyar turo ruwa wani ya take tiyo da ƙafa gaba ɗaya? Ina ruwan yake zuwa? Inda ya fi rauni yake fasawa." Ya ce altaneta in yana turo wuta aka raba shi da batir farat ɗaya, ba ya iya tsayawa nan take, ƙarfin wutar yakan yi tsalle ya ninka abin da aka gina motar a kai, na ɗan ƙiftawar ido. Batir ne ke shanye irin wannan tsallen. In babu shi, dayod da katawut da ƙwan fitila su ke sha. Ba lallai su mutu a ranar ba, amma sun ji rauni. Ya ce gwajin gadon zamanin dainamo ne, na'urar cajin da ake sa wa mota kafin altaneta, aka yi ta miƙa shi daga maigida zuwa yaro har aka manta dalilinsa. Ban ga laifin rewayan unguwarmu sosai ba, abin da ya tarar ke nan, kuma ba shi da mita, da ƙwan fitila mai waya biyu yake aikinsa.

Sai gwajin gaskiya. Ya sa yaro ya ɗan taka totur, aka kunna duk abin da ke cin wuta: fitilun gaba, manyan fitilu huɗu na kan keji, fanka, rediyo. Ya ɗora mita a kan notin da wuta ke fita a bayan altaneta da jikin altanetan: 14.4. Ya dawo kan batir: 13.1. Ya ce daga nan zuwa nan ko kamu huɗu babu, ina 1.3 ta shiga? Abin da ya kamata a gani a kan batir yana tsakanin 13.8 da 14.4, kuma abin da waya za ta ci a hanya bai kamata ya kai rabin bolt ba. Sannan ya yi wani abu da ban taɓa ganin an yi ba. Ya ɗora wayar mita ɗaya a notin altaneta, ɗayar a kan jan kan batir, wato farko da ƙarshen waya guda. Na ce ai ba za ta nuna komai ba. Ya ce in wayar lafiya take, kusan haka ne. Ta nuna 0.9. Ya koma ɗaya ɓangaren, jikin altaneta da baƙin kan batir: 0.4. Ga 1.3 ɗin ta fito, kashi biyu.

Ya bar mitar a ɓangaren ja, ya sa hannu yana bin damin wayoyi yana girgiza su kaɗan-kaɗan, daga altaneta ya nufo batir. Babu abin da ya motsa sai da ya zo bayan mazaunin batir. Yana taɓa wurin lambar ta yi tsalle, manyan fitilun kan keji suka yi wani irin haske suka dawo. Ya ce a kashe mota maza. Ya zaro damin, ga wani kumburi naɗe da baƙin salatif, da zafi kamar an ciro shi daga murhu. Ya yanka salatif ɗin. Babbar wayar caji ce, a yanke take, an murɗa bakin biyu da hannu an naɗe. Zaren tagullar ya zama kore, yana zuba kamar garin kuka, waɗanda suka rage a haɗe ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Gaba kaɗan kuma, inda ya kamata a ga wayar fis wadda ke narkewa in wuta ta yi yawa, wani ya sa guntun wayar gida.

A nan na tuna. A watan Disambar 2022 na kai motar wurin mai walda ya ƙara tsawon kejin baya, ya kuma gyara mazaunin batir da tsatsa ta cinye. Na tafi salla na dawo na tarar da yaronsa yana naɗe wani abu da salatif, ya ce wuta ce ta ɗan lashi waya, ba komai. A makon ne kuma aka ɗaura manyan fitilun, aka ja wutarsu kai tsaye daga bayan altaneta. Wannan murɗin yana zaune ƙarƙashin batir, tururin asid na sauka a kansa, damina ta zo ta ƙara masa ruwa. A kan kwalta mai kyau yana riƙewa. Da an shiga gargada sai ya dinga saki yana kamawa, wato abin da rewaya ke yi da hannunsa sau ɗaya, hanyar Dukku tana yi mini shi sau ɗari a tafiya guda, ga fitilu a kunne, ga altaneta a iyakar ƙarfinsa. Shi ya sa na uku da na huɗu duk a kan gargada suka mutu, shi ya sa ƙwan fitilun keji ba sa daɗewa. Wata goma ina dukan taiki, jakin yana tsaye a bayan batir.

Ɓangaren baƙi bai ba shi wahala ba. Akwai wata saƙaƙƙiyar waya mai faɗi da ta haɗa injin da jikin mota, ta nan wuta ke komawa. Tawa ta tsintsinke, saura 'yan zare, notinta kuma ya yi tsatsa. Ya ce wuta in ta rasa hanyarta ba ta haƙura, sai ta nemi wata. Ya kama wayar totur ya nuna mini robar jikinta, ta narke ta manne a wurare biyu. Ta nan wani kaso na wutar kik yake bi duk asuba. Man da na sa aka ɗiga mata sau biyu, wuta nake yi wa magani da shi.

Rana ta biyu ta tafi a kan abin da ya kashe na farko da na biyu, domin ya ce suna nan suna jiran wannan ma. Ya cire tiyon da ke mayar da mai daga famfon birki, ga shi ya lanƙwashe ya ƙandare, cikinsa ya cushe da daskararren mai, da ƙyar iska ke wucewa. Man da ya rasa hanyar komawa sil yake turawa, kuma da ma ya nuna mini danshinsa a bayan ɗan Kano tun ranar farko. Sai fanbel. Tagwaye ne a motar, amma ɗaya tsoho ɗaya sabo, don haka ɗaya ke ɗaukar nauyi ɗayan yana rakiya. Sabon ma siriri ne, ya nutse har yana taɓa gindin kwarin fuli, wurin ya yi sheƙi, alhali da gefensa ya kamata ya kama. Ya ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin injin zuwa na altaneta, ga rata a fili: dogon notin ƙasa ba nasa ba ne, ya yi masa siriri, altanetan a karkace yake zaune. Ƙarar safiyar nan daga nan take, ba daga sakin fanbel ba. Ya sa notin da ya dace, aka sayo fanbel biyu iri ɗaya lamba ɗaya, ya ɗaure ya kira yarona ya ce ya danna tsakiya da babban yatsa da ƙarfi. Ya lotsa kamar santimita ɗaya. Ya ce, "Haka. In ya zama kamar tsirkiyar baka, boris kake ci." Yaron ya sunkuyar da kai, ni ma da na yaba masa ban ɗaga nawa ba.

Rigimarmu ɗaya da shi a kan fitilu ce. Ya ɗauki alli ya yi lissafi a jikin ƙofar rumfa. Fitila huɗu, kowace wat 100, wat 400 ke nan, a raba da 14, kusan amfiya 29. Fitilun gaba biyu masu wat 60, kusan amfiya 9. Ƙananan fitilu da fanka da rediyo da cajin wayoyin mutane su ma sun kusa 10. Ya nuna mini lambar da ke jikin altanetan: 55. Saura nawa za a ba batir? Kuma wannan 55 ɗin sai injin yana gudu, in yana silo abin da yake bayarwa bai kusa haka ba. Ni kuwa al'adata in ana lodi da dare a gona sai in bar mota a silo in kunna fitilun duka su haska wa leburori, awa guda ko fiye. Na ce ba zan iya hanyar dare ba tare da su ba, shanu da ramuka. Ya ce bai hana ni haske ba. Muka daidaita a kan LED guda biyu, waɗanda su biyun ba sa cin abin da tsohuwa ɗaya ke ci, aka ja musu wuta daga batir ta hanyar rile da fis nasu. Haskensu fari ne fat, yana gajiyar da ido in akwai ƙura, har yanzu na fi son na da.

Wayar caji ya canza ta gaba ɗaya daga altaneta har batir, mai kauri, ya matse kawunanta ya bi da dalma, ya mayar da fis na gaskiya, ya ɗauke ta daga ƙarƙashin batir. Ya sa sabuwar saƙaƙƙiyar waya, ya kankare wurin zamanta har ƙarfe ya fito fari, ya ƙara wata daga batir zuwa injin. Ya ce duk ranar da za a sake yi mata walda in tsaya a wurin, a cire kawunan batir, mai walda kuma ya maƙala wayarsa kusa da inda yake aiki. In aka cire sabon batir da na saya dole, duk kayan da aka sa ba su kai rubu'in kuɗin ɗan Kano ba. Da aka sake gwaji da komai a kunne, bayan altaneta 14.3, kan batir 14.1. Ya girgiza damin wayoyi da hannu biyu, lambar ba ta motsa ba.

Da zan tafi na tambaye shi kuɗin aiki, ya faɗa, na ga ya yi kaɗan na ƙara, ya karɓa bai ce komai ba. Ya ce in sayi 'yar mitar da ake sokawa a ramin kunna sigari. Na saya a ranar. Da asuba kafin in murɗa makulli tana nuna 12.5 ko 12.6, in mun hau hanya 14.1, in injin ya yi zafi da rana ta sauko 13.9. A gargadar hanyar Dukku idona yana kanta fiye da yadda yake kan allurar mai.

Matattun ukun ban bar masa su duka ba. Ya ɗauki gidan na farko da cikin ɗan Baljiyam ya haɗa mini guda ɗaya lafiyayye, ragowar da na kwalin 'yan gwangwan suka auna suka saya. Wanda ya haɗa yana bayan kujera naɗe a tsohon zanen uwargida, da sifana mai lamba 12 da 14 a cikin naɗin, ban kwance shi ba tukuna. Yanzu giya ta uku ce ta fara fita da kanta in ana gangara, Baba kuma ya ce wannan ba aikinsa ba ne.